Yadda Ake Zaɓen Ayaba Mai Kyau da Adana Ta Don Ta Daɗe

Tambaya ɗaya ce masu karatu suke ta maimaita mini, kowa da irin yadda ya tsara tasa: an sayi ayaba mai kyan gani, kafin kwana uku ta yi baƙi ta yi luɓus, to ina aka kuskure? Wasu sun ce sun sa ta a firji ta ƙara muni, wasu kuma sun ƙulle ta a leda suka tarar ta jiƙe tana wari. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, yawancin kwanakin da ayaba za ta yi a gida tun a wurin saye ake ƙayyade su, kuma dabarun ajiya ba sa gyara ayabar da aka zaɓa ba daidai ba. Saboda haka matakan nan sun fara ne tun kafin a fita saye.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe a zuciya domin matakan su yi ma'ana. Ayaba tana da rai ko bayan an sare ta, tana numfashi, tana kuma fitar da wata iska marar launi mai suna etilin, wadda ita ce ke tayar da nuna, ta sa sitacin cikinta ya koma sukari. Zafi yana hanzarta wannan aiki, rauni a jikinta yana ƙara yawan iskar, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyas kuwa yana illata ta.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar kwando ko jaka mai faɗin gindi, wuƙa mai kaifi, tsumma mai tsabta, ƙugiya ko igiyar ratayewa, 'yar leda, jakar takarda, faranti mai faɗi, lemun tsami, da mazubi mai murfi ko ledar firiza. Kusan duka akwai su a kowane ɗakin girki, kuma ba sai an sayi wani abin rataye na musamman ba, ƙusa da igiya sun wadatar. Kuɗin da ya fi fita shi ne na asara: wanda ya sayi ayaba 12 ya zubar da 3 ya biya kuɗin 12 ya ci 9, wato kowace ɗaya ta tsaya masa da ƙarin kashi ɗaya bisa uku na farashinta.

1. A yi lissafi kafin a fita

A ƙirga mutanen gida, da guda nawa suke ci a rana, da kwanakin da za a yi kafin a sake fita saye. Gidan da ake cin huɗu a rana, ake kuma saye sau ɗaya a kwana biyar, yana buƙatar guda 20, amma kada su zama masu launi ɗaya. A raba su kashi biyu ko uku: nunannu na yau da gobe, masu ɗan kore na tsakiyar mako, da waɗanda korensu ya fi yawa na ƙarshe.

Gargaɗi: Babban nonon ayaba ɗaya da aka samu da rahusa shi ne tarkon da ya fi kama mutane. 'Ya'yan nono ɗaya kusan tare suke nuna, don haka sai a wayi gari da tulin ayabar da ba za a iya cinyewa ba. Kada a karɓi irin wannan rahusa sai in akwai firiza ko mutanen da za a raba wa.

2. A karanta launin ɓawo

'Yan kasuwar ayaba na duniya suna aiki da ma'aunin launi mai mataki bakwai, kuma mai saye ma zai amfana da shi. Mataki na 1 kore ne shar, na 2 kore ne da alamar rawaya, na 3 kore ya fi rawaya yawa, na 4 rawaya ta rinjayi kore, na 5 rawaya ce amma wuya da ƙarshen ayabar suna da sauran kore, na 6 rawaya ce gaba ɗaya, na 7 kuma rawaya ce mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Wadda za a ci a ranar ita ce ta 6 ko ta 7. Ta 5 takan kai cikin kwana ɗaya ko biyu, ta 3 da ta 4 kuwa sukan ɗauki kwana uku zuwa biyar, gwargwadon zafin ɗakin. A ganina ta 4 da ta 5 su ne suka fi dacewa da yawancin gidaje, domin nunarsu ta riga ta kama hanya, kuma jikinsu yana da sauran ƙarfin jure ɗauka.

Ɗigon ruwan ƙasa ƙanana da suka bazu a ɓawo alamar zaƙi ne. Abin gudu shi ne faffaɗan baƙin tabo mai taushi, musamman wanda ya lotsa, domin ko dai bugu ne ko ciwon fumfuna da ya fara ci.

Akwai wani launi da mutane da yawa ba su san ma'anarsa ba, wato rawaya mai duhu da ta yi kamar an shafa mata toka, ba ta da sheƙi. Wannan ayabar ta sha sanyin da ya fi ƙarfinta a hanya ko a wurin ajiya, kuma in aka ɗan ɓare saman ɓawon akan ga zirin ruwan ƙasa a ƙarƙashinsa. Ba za ta yi ƙanshi ko zaƙin kirki ba ko ta kwana nawa.

Gargaɗi: A lokacin zafi launi yana yaudara. Nau'in Kabendish, wanda shi ne ya mamaye cinikin ayaba tsakanin ƙasashe, idan ya nuna a zafin da ya haura digiri 25 ɓawonsa yakan zauna da kore-kore alhali cikinsa ya yi taushi ya yi zaƙi. Wanda ya tsaya jiran ta yi rawaya sai ya tarar ta ruɓe. A irin wannan yanayi a dogara da taɓawa a hankali da kuma ƙanshi.

3. A duba siffa, wuya da mahaɗa

A ɗaga nonon a juya shi, domin ɓangaren da ya kwanta a kan tebur shi ne ke ɓoye aibi. Ayabar da ta ƙosa kafin a sare ta takan cika ta yi kusan mulmulalla, wadda aka sare da wuri kuwa tana da kusurwoyi masu kaifi a tsawonta, kuma ta fi sirantaka. Ta biyun za ta iya yin rawaya, amma zaƙinta ba zai kai ba, kuma tana saurin yanƙwanewa.

Sai a dubi mahaɗa, wato wurin da 'ya'yan suka haɗu, inda aka yanke nonon. Daga nan ruɓa ta fi shiga, saboda buɗaɗɗen rauni ne. Ya kamata ta kasance busasshiya mai tauri. Idan ta yi baƙi ta yi laushi, ko akwai farar fumfuna ko mai launin toka a kanta, ruɓar za ta gangara wuya ta shiga tsoka cikin 'yan kwanaki, har 'ya'yan su riƙa ɓallewa da kansu. Haka nan a bar wadda wuyanta ya karye ko ɓawonta ya tsage, domin ƙuda da ƙwayoyin cuta sun riga sun sami ƙofa.

Gargaɗi: Kada a matsa ayaba da babban yatsa don gwada ta. Wurin da aka danna zai yi baƙi gobe, ko a hannun mai saye ko a hannun mai sayarwa. Ɗora ta a tafin hannu da ɗan rungumarta da yatsu ya isa a gane taurinta.

4. A gane wadda aka tilasta wa nuna

Ayabar da ake kai wa nesa ana sare ta ne kore, a yi jigilarta a sanyin digiri 13 zuwa 14, sannan a shigar da ita ɗakin nunarwa a sake mata etilin na kwana ɗaya ko biyu. Wannan hanya ba ta da illa, domin iskar ita ce dai wadda ayabar ke fitarwa da kanta. Abin damuwa shi ne kabaid, sinadarin da masu walda ke amfani da shi, wanda in ya sami laima yake fitar da iskar asitilin, wadda wasu ke tilasta wa ayaba nuna da ita. Yakan zo da gurɓin sinadarai masu guba irin su asenik da fosforas, shi ya sa ƙasashe da dama suka haramta nunar da kayan marmari da shi.

Alamomin da ke sa a yi shakka su ne ɓawo ya yi rawaya tas alhali tsokar tana da tauri da ɗanɗanon ɗanye, babu ƙanshin ayaba, ko a ga ɓurɓushin hoda mai launin toka, ko a ji wani wari mai kama da na tafarnuwa. Koren wuya shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda haka mataki na 5 na ma'aunin launi yake. Inda aka amince, a sayi guda ɗaya a ɓare a ɗanɗana kafin a sayi da yawa.

5. Sauran kayan da za a haɗa a saye

Tambaya ɗaya ce ke sauƙaƙa zaɓen kowane ɗan itace: shin yana ci gaba da nuna bayan an tsinke shi? Mangwaro, gwanda, fiya, gwaiba da tumatir suna ci gaba, don haka ana iya sayensu da ɗan tauri su ƙarasa a gida. Lemu, abarba, kankana da inabi ba sa ƙara zaƙi bayan an tsinke su, yadda aka saye su haka za a ci su, don haka a nan ne ake tsayawa a zaɓa da kyau.

Lemun da ya yi nauyi fiye da yadda girmansa ya nuna shi ne mai ruwa, kuma koren ɓawo ba ya nufin bai nuna ba. A shinshina gindin abarba, in babu ƙanshi ba ta kai ba, in kuma yana tsami ta wuce. Kankana a nemi mai nauyi, wadda gefen da ya kwanta a ƙasa ya yi rawaya-rawaya maimakon fari. Mangwaro ƙanshin wajen wuyansa da ɗan taushinsa sun fi launinsa gaskiya. Albasa a duba wuyanta ya bushe, dankalin turawa kuwa a bar wanda ya yi kore ko ya tsiro, saboda koren yana tafiya da wata guba mai suna solanin. Kayan ganye a zaɓi masu ƙarfi da ba su yi yaushi ko yauƙi ba, kuma a yi hattara da waɗanda aka jiƙa sharkaf don su yi kyan gani.

6. Ɗaukowa zuwa gida

A sa kaya masu nauyi a ƙasan kwando, ayaba a can sama, kuma kada a bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota. Bugun da ta sha a hanya ba ya bayyana nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. In sabuwar yanka ce, a kiyayi ruwan danƙon da ke ɗiga daga mahaɗarta, domin tabonsa da wuya yake fita daga tufafi.

7. A tsabtace ta a zaɓa mata wuri

Da isa gida a fitar da ita daga leda. A goge ɓawon da tsumma mai ɗan laima ko a ɗauraye shi, wanda hakan ke kawar da ƙura da ƙwan ƙananan ƙudaje, sannan a busar da ita sosai, musamman mahaɗar. A ware duk wadda ta bugu a fara cinye ta.

Wurin ajiya ya zama mafi sanyi a gidan wanda ba firji ba, mai inuwa, mai shigar iska. Numfashin 'ya'yan itace yakan ninka kusan sau biyu idan zafi ya ƙaru da digiri 10, saboda haka ayabar da za ta yi kwana shida a ɗaki mai digiri 20 da wuya ta wuce kwana uku a mai digiri 30. Wannan ya nuna cewa sauya mata wuri kawai ya fi duk wata dabara tasiri. A nisanta ta da murhu, da tagar da rana ke shigowa, da saman firji, wanda mutane da yawa ke ɗora kwanon 'ya'yan itace a kai ba tare da lura da ɗumin da ke tasowa daga bayansa ba.

Ratayewa tana hana nauyin nonon danne 'ya'yan ƙasa, tana kuma barin iska ta kwashe etilin. In babu inda za a rataye, a kifa nonon yadda bayansa zai dubi sama, ya tsaya a kan mahaɗa da ƙarshen 'ya'yan.

Gargaɗi: Da zarar launinta ya kai mataki na 6 a sauke ta daga ƙugiya, domin wuyan ya yi laushi, nauyinta zai iya yage ɓawon ta faɗo.

8. A raba ta da maƙwabta

Kada a haɗa ayaba a kwano ɗaya da tuffa, mangwaro, fiya, gwanda ko nunannen tumatir, domin dukkansu suna fitar da etilin kuma suna ingiza juna. Haka ma nunanniyar ayaba tana hanzarta nunar wadda take kore, don haka kashin da aka raba tun a wajen lissafin saye kowanne ya sami nasa wurin, in da hali a ɗakuna daban. Ita ma ayabar tana ɓata wasu: kokwamba da kayan ganye sukan yi rawaya a kusa da ita, karas kuma ya yi ɗaci.

Wanda ke son raba 'ya'yan ɗaya-ɗaya ya yanka mahaɗar da wuƙa, ya bar wa kowace cikakken wuyanta. Fizgewa da hannu tana yage ɓawon wuya, ta buɗe tsoka.

9. Naɗe mahaɗa

Dabara ce da ta yi suna fiye da amfaninta. Ana naɗe mahaɗar da 'yar leda a ɗaure, kuma hakan yana rage bushewar wuya da saukar ƙudaje a wurin. Sai dai etilin yana fita ta dukan jikin ayabar, don haka kada a sa ran naɗin zai ceci wadda aka bari a zafi. In za a yi, a tabbatar wurin ya bushe tukuna, domin laimar da aka rufe ita ce abincin fumfuna. Saboda wannan dalili ne ma ba a ƙulle dukan nonon a leda: gumi yana taruwa, iskar nuna ma tana taruwa.

10. Lokacin sa ta a firji

A nan ne aka fi samun saɓani, kuma duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, bambancin yana ga lokaci. Firji yana aiki ne a wajen digiri 4, wato ƙasa sosai da abin da ayaba ke jurewa. Idan aka sa ta tana kore ko tana da sauran kore, sanyin yana lalata ƙwayoyin jikinta, nunar ta tsaya, kuma sau da yawa ko an fito da ita ba za ta dawo daidai ba. Za ta yi duhu a waje, a ciki kuma ta zauna da tauri da ɗanɗanon sitaci.

Idan kuwa aka bari ta kai daidai yadda ake son ci, a mataki na 6 ko farkon na 7, sannan aka sa ta, sitacin ya riga ya zama sukari, sanyin kuma zai riƙe ta a haka na kwana huɗu zuwa mako guda. Ɓawon zai yi ruwan ƙasa har ya yi baƙi, amma tsokar za ta zauna fara mai ƙarfi. Abin takaici ne yawan ayabar da ake zubarwa saboda wannan baƙin ɓawo, ba tare da an ɓare ko ɗaya an duba ba. A ajiye ta a sashen da sanyinsa ya fi sauƙi, nesa da bangon baya, kuma nesa da kayan ganye. A fito da ita kamar rabin awa kafin a ci, domin sanyi yana danne ƙanshi.

Gargaɗi: Wadda ta shiga firji ta fito kada a sake barinta a waje kwana da kwanaki, domin tana saurin narkewa. A riƙa fitar da iya wadda za a ci.

11. Firiza, don ajiyar watanni

A zaɓi wadda ta nuna sosai, a ɓare ta tukuna, domin ɓare daskararriyar ayaba wahala ce. A yanka ta da kaurin yatsa, a jera a faranti ba tare da yankan sun taɓa juna ba, a sa a firiza kamar awa biyu, sannan a juye a leda ko mazubi, a matse iskar, a rubuta kwanan wata. Wanda ya tsallake matakin faranti zai sami dunƙule ɗaya da ba ya rabuwa. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri tana riƙe ɗanɗanonta wata biyu zuwa uku. In ta narke takan yi ruwa-ruwa, don haka ta fi dacewa da markaɗawa da madara ko sawa a ƙullin kek.

Gargaɗi: Idan wuta ta ɗauke har ta narke gaba ɗaya, kada a sake daskarar da ita. In har yanzu da sanyinta a yi amfani da ita a ranar, in ta yi ɗumi ta daɗe a haka a zubar.

12. Yankakkiya, da wadda ake son ta yi saurin nuna

Tsokar ayaba tana yin ruwan ƙasa da zarar ta haɗu da iska. 'Yan ɗigon lemun tsami a kan yankan suna jinkirta hakan, sai a rufe a sa a firji a cinye a ranar ko washegari. Wanda ya ci rabi ya bar sauran cikin ɓawonsa ya rufe bakin. Duk ɗan itacen da aka yanka kada ya wuce awa biyu a waje.

In kuma an ƙagu da kore, a sa ta a jakar takarda tare da tuffa ɗaya ko nunanniyar ayaba, a naɗe bakin, a riƙa dubawa kowace safiya. Takarda tana tara etilin amma tana barin laima ta fita, abin da leda ba ta yi.

13. Ƙudaje, da wadda za a zubar

Ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace suna kammala rayuwarsu daga ƙwai zuwa babba cikin kwana takwas zuwa goma a ɗaki mai ɗumi, don haka ɓawon da aka bari a kwandon shara na mako guda ya isa ya cika ɗakin girki da su. A riƙa fitar da ɓawo kullum, a wanke kwanon ajiya kafin a zuba sabuwar ayaba. In sun riga sun shigo, a zuba ɗan binega a kofi da ɗigon sabulun ruwa a ajiye kusa, za su faɗa ciki.

Ayabar da ta yi laushi sosai, tsokarta ta yi ruwan zuma, tana ƙanshi mai zaƙi, lafiyarta lau, a kai ta firiza ko a yi girki da ita. Ƙaramin tabon bugu ana yanke shi a ci sauran. Wadda za a zubar ita ce mai fumfuna da ta kai ga tsoka, mai zubar da ruwa, mai warin barasa ko tsami, ko wadda cikinta ya yi baƙi. A kan fumfuna kada a yanke gefen a ci sauran kamar yadda ake yi wa karas ko kabeji, domin a abu mai laushi zarenta yana shiga can ciki inda ido ba ya gani.